Mai Saukewa Shi Ne Mai Rabawa: Darasi A Kan Toren Da Xender

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka:



Tambayoyi suna yawan shigowa a kan hukuncin sauke littattafai da manhajoji da finafinai daga intanet ba tare da biya ba, musamman ta hanyar BitTorrent, wanda samari suke gajartawa su ce toren. Kusan duk mai tambayar haka yake ƙare maganarsa: "Malam, ni fa saukewa kawai nake yi don amfanin kaina, ba na sayarwa, ba na tura wa kowa." To wannan jumlar ita ce darasinmu na yau, domin a toren ba gaskiya ba ce, ko da mai faɗinta bai yi nufin ƙarya ba.

Malamanmu sun kafa ƙa'ida cewa hukunci a kan abu yana biyo bayan fahimtar surarsa ne. Wanda bai san yadda abu yake aiki ba, fatawarsa a kai harbi ne a duhu. Saboda haka ku yi haƙuri da ni, sai mun fara shiga ɗakin injin kafin mu buɗe littafin fiƙihu.

A hanyar da muka saba, fayil yana ajiye ne a wata babbar kwamfuta ta kamfani, wadda ake kira saba. Kai ka nema ta ba ka, ni na nema ta ba ni. Rijiya ɗaya ce gari duka yake ɗiba. In mutane suka yi yawa sai layi ya yi tsawo, in mai rijiya ya rufe ta kowa ya koma gida da tulunsa wayam. Tsarin da muke magana a kai, wanda za mu kira hannu-da-hannu, ya cire rijiyar daga tsakiya. Kwamfutarka tana karɓa kai tsaye daga kwamfutocin mutane irinka, su ma suna karɓa daga taka.

Wanda ya fara shahara da wannan shi ne Napster, wanda wani ɗalibi a Amurka, Shawn Fanning, ya fitar a 1999 tare da Sean Parker, don musayar waƙoƙi. Waƙoƙin suna kwamfutocin jama'a, amma rajistar da ke nuna wa yake da me tana hannun kamfanin. Ta nan aka kama shi. Kamfanonin waƙa suka maka shi a kotu, zuwa watan Yulin 2001 an rufe shi. Masu fasaha suka ɗauki darasi: duk abin da yake da kai ɗaya ana iya sare kan. A shekarar 2000 Gnutella ya fito ba shi da rajista ta tsakiya, kowace kwamfuta tana tambayar maƙwabtanta, su ma su tambayi nasu. Kazaa ya biyo baya a 2001, kuma mutanensa ne daga baya suka kafa Skype. A wannan shekarar ta 2001 ne Bram Cohen ya fitar da BitTorrent, shi ne ya daɗe har yau.

Yadda yake aiki, duk wanda ya yi karatun zaure zai gane shi da wuri. Littattafanmu na rubutun hannu ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne a cikin gafaka. Ɗauka malami yana da kwafi ɗaya tak na littafi mai warƙa ɗari, ga ɗalibai ashirin kowa yana son nasa. In aka ce kowa ya ari littafin duka ya kwafa ya dawo da shi, na ƙarshe sai ya yi furfura yana jira. Sai malam ya raba warƙoƙin, wannan biyar, wancan biyar. Kowa ya kwafi nasa, sannan su shiga musaya a tsakaninsu: ba ni ta bakwai in ba ka ta talatin. Kafin wani lokaci kowa ya haɗa littafinsa, malam kuwa sau ɗaya ya ba da kowace warƙa.

To haka toren yake. Ana yanka fayil gutsi-gutsi, fayil mai giga ɗaya yana iya zama gutsure dubu. Ɗan ƙaramin fayil ɗin da kake fara saukewa, ko mahaɗin da ake nuna shi da hoton maganaɗisu, babu fim ko littafi a cikinsa, bayanin gutsattsarin ne da hanyar samun masu su. Akwai wata kwamfuta da ke aikin dillali, ba ta riƙe da kayan, tana haɗa ka ne da waɗanda suke da shi. Daga 2005 ma aka ƙara wani tsari da ya rarraba aikin dillalin a tsakanin kwamfutocin mahalarta, ta yadda ko an rufe dillali kasuwa tana ci. Wanda ya haɗa fayil duka ya bar shi a buɗe ana ɗiba, shi ake kira mai iri. Sauran suna karɓa suna bayarwa.

Abubuwa biyu a cikin tsarin sun burge ni a matsayina na ɗalibin hadisi. Na farko, kowane gutsure yana da hatimi na lissafi. In ya iso wurinka manhajar za ta auna shi da hatimin, ko harafi ɗaya aka canja sai ta jefar ta nemi wani. Wannan ai shi ne muƙabalar da malaman hadisi suke sharɗantawa, a gwada kwafi da asali kafin a yi riwaya daga gare shi. Sai dai a kula, hatimin yana tabbatar maka ne cewa abin da ka samu shi ne abin da mutumin farko ya saka. Ba ya tabbatar da cewa mutumin farkon amintacce ne. Isnadi yana iya haɗuwa daram har zuwa kan maƙaryaci, shi ya sa manhajojin sata da yawa suke zuwa da ƙwayar cuta a ciki da hatiminsu lafiya lau. Na biyu, manhajar tana fara neman gutsuren da ya fi ƙaranci a hannun jama'a, don kada ya ɓace in mai shi ya kashe kwamfuta.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Bram Cohen ya san halin ɗan Adam, kowa yana son karɓa, ba kowa ke son bayarwa ba. Sai ya gina tsarin a kan ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda: kwamfutoci suna fifita wanda yake ba su, wanda ya ƙi bayarwa su ja masa rai. Saboda haka daga lokacin da gutsure na farko ya kammala a wurinka, manhajarka ta fara miƙa shi ga wasu. Ba ta jira ka gama ba, ba ta nemi izininka ba. Buɗe uTorrent ko qBittorrent ka duba: akwai kibiya mai kallon ƙasa, akwai mai kallon sama. Ta saman nan ita ce abin da kake rabawa. In saukewa ta ƙare ba ka tsayar ba, ka zama mai iri, kana barci kwamfutarka tana rabo ga mutanen da ba ka taɓa gani ba, wani a Indonesiya wani a Brazil. Akwai wurin rage gudun bayarwar a cikin saiti, wasu ma suna dabarar toshe shi, amma yadda manhajar take zuwa, da yadda mafi yawan mutane suke amfani da ita, mai saukewa mai rabawa ne.

Ƙari a kan haka, lambar adireshinka ta intanet a bayyane take ga duk wanda ke cikin wannan taron. A Jamus lauyoyin kamfanonin fim da ita suke bin sawun mutane su aika musu takardar neman diyya, kuma abin da suke kamawa da shi shi ne rabawar. Ɗalibanmu da ke tafiya karatu Turai su kiyaye.

To mu dawo fiƙihu.

Ita kanta fasahar halal ce, ba na shakka. Asalin abubuwan duniya halacci ne, kuma hanyoyi suna ɗaukar hukuncin abin da aka nufa da su. Masu Ubuntu da Debian da kansu suke raba manhajarsu ta toren don rage wa sabarsu nauyi. Internet Archive, inda da yawanmu muke samun tsofaffin bugun littattafan Larabci, tun 2012 yake ba da kayansa ta toren. Windows 10 ma yana amfani da irin wannan dabara wajen raba sabuntawa tsakanin kwamfutoci. Wani abin lura, Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Grokster a 2005 ba ta haramta fasahar ba, ta kama kamfanin ne saboda yana kwaɗaitar da mutane su yi sata da ita. Malamanmu sun riga su da ƙarnoni: sayar da inabi halal ne, sayar da shi ga wanda ka san giya zai matsa haramun ne.

Tambayar ita ce me kake ɗauka, me kake rabawa.

In abin haramun ne a zatinsa, kamar batsa da tsiraici, maganar gajeruwa ce amma mai nauyi. Mai kallo a ɓoye yana da zunubi ɗaya tsakaninsa da Ubangijinsa. Mai toren ya ƙara na biyu, ya zama ɗan dako. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakon juna a kan saɓo. Aya ta 19 a Suratun Nur ta yi alkawarin azaba ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa wanda ya yi kira zuwa ɓata yana ɗaukar kwatankwacin zunubin waɗanda suka bi shi ba tare da an rage musu komai ba. A hadisin la'anar giya ma ba mashayi kaɗai aka ambata ba, har da mai ɗaukarta. Wanda bai san manhajar tana rabawa ba, muna fatan Allah ya yi masa uzuri a kan rabon da ya wuce. Amma wanda ya karanta wannan rubutun ya sani.

Kada wani ya ce shi ai bai taɓa ganin toren ba. A ƙasarmu, inda data take da tsada, hannu-da-hannunmu shi ne Bluetooth a da, yanzu Xender da SHAREit, waya ta haɗu da waya kai tsaye ba sai da data ba, sai kuma masu turi a bakin kasuwa da tasha da suke cika memori a kan 'yan kuɗi kaɗan. Bambancin shi ne a Xender da yatsanka kake zaɓa ka tura, wato uzurin rashin sani ma babu. Idan bidiyon tsiraicin wata baiwar Allah ya fita, me ake ji a majalisa? "Turo min in gani." Kowa yana cewa shi ba shi ya fitar ba. Gaskiya ne, amma da kai da irinka ya kai inda ya kai. Kuma a nan siffar da masu fasaha suke alfahari da ita, cewa babu kai ɗaya da za a sare, ta zama bala'i. In abu yana saba ɗaya, ana iya roƙon kamfani ya goge. In yana wayoyi dubu hamsin, wa za a roƙa? Yarinya za ta tuba, ta yi aure, ta haihu, bidiyon yana nan yana yawo. Hadisin Samura bin Jundub a Bukhari, na mafarkin Annabi (SAW), ya ambaci azabar mutumin da yake fita da safe ya yi ƙarya ta kai ko'ina a duniya. A da sai mutum ya yi tunanin ta yaya magana ɗaya za ta kai nan. Yanzu ba mai tambaya.

Wanda ya taɓa yaɗa irin wannan kada ya yanke ƙauna. Ƙofar tuba a buɗe take ko da abin ya fi ƙarfin ya dawo da shi. Ya goge nasa, ya bi waɗanda ya tura wa ya roƙe su su goge, ya yi wa wadda ya tozarta addu'a, ya kare mutuncinta a inda ya taɓa zubar da shi. Aya ta 160 a Baƙara ta haɗa tuba da gyara da bayyanawa.

Sai kashi na biyu, inda aka fi gardama: abu ne halal, littafi ko manhaja ko darasi, amma mai shi ya ce ba a kwafa sai da izini. A nan akwai saɓani na gaske, kuma ba na son mu rufe shi. Wasu malamai, daga cikinsu Mufti Muhammad Shafi na Pakistan, sun tafi a kan cewa wanda ya sayi littafi ya mallake shi, yana da damar ya kwafa, kuma haƙƙi tsura wanda ba a riƙe shi a hannu ba dukiya ba ne. Suna kuma tsoron a faɗa cikin ɓoye ilimi, wanda hadisin Abu Dawud da Tirmizi ya yi wa narkon linzamin wuta. Amma mafi yawan malaman wannan zamani sun tabbatar da haƙƙin. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait cikin Disambar 1988, ta fitar da matsaya mai lamba 43 cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙimar dukiya a al'adar yau, Shari'a tana kare su, bai halatta a keta su ba. Shaikh Bakr Abu Zaid ya yi bincike mai tsawo a kan mas'alar a Fiƙhun Nawazil, Dakta Fathi Duraini ma yana da littafi sukutum a kai. Mufti Taƙi Usmani, ɗan Mufti Shafi, shi ma ya karkata ga tabbatar da haƙƙin. Kuma wannan ya fi dacewa da mazhabarmu ta Malikiyya da jamhur, waɗanda suke ɗaukar amfani a matsayin dukiya, shi ya sa ake hayar gida alhali ba bango ake saya ba.

Wannan ra'ayin nake bi. Wanda ya ce a biya shi wahalarsa bai ɓoye ilimi ba, ga littafin nan a kasuwa. Ba mai haƙƙi a kan matanin Bukhari, amma mutumin da ya shekara goma yana gwada rubuce-rubucen hannu yana tace su, da madaba'ar da ta zuba kuɗi ta buga, guminsu ba na banza ba ne. Mun kuma ga abin da turi ya yi a gida. Duk ra'ayin mutum a kan finafinan Hausa, kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai a Kano ta durƙushe a idonmu, kuma irin wannan hannun ne yake ɗaukar littafin marubuci ɗan ƙasa mako ɗaya da fitowarsa ya watsa a guruf. Gobe wa zai sake zama ya rubuta? A dokar ƙasa ma laifi ne, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta shafi abin da ake yaɗawa ta intanet.

Sai masu cewa ai kayan kafirai ne, ganima ce. Subhanallah. Ganima a ɗakinka, kana kwance da fanka? Mugira bin Shu'uba kafin ya musulunta ya yi tafiya da wasu mutane, ya kashe su ya kwashe dukiyarsu, sannan ya zo ya musulunta. Annabi (SAW) ya karɓi musuluncinsa, ya barranta daga dukiyar, saboda ta hanyar yaudara aka same ta. Yana cikin Bukhari a ƙissar Hudaibiyya. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ma da aka tambaye shi kwafar manhajoji ya hana sai da izinin masu su, bai ware Musulmi kaɗai ba.

Na san halin da ɗalibin ilimi yake ciki. Tun da naira ta faɗi a 2023, kuɗin Fathul Bari bugu mai kyau ya fi ƙarfin albashin malamin Islamiyya. Wasu malamai sun yi sauƙi ga wanda yake buƙatar littafi don karatun kansa, ba ya samunsa a garinsu ko ba shi da halin saya, ba kuma kasuwanci zai yi da shi ba. Ina ganin wannan sauƙin yana da fuska, musamman ga littafin da bugunsa ya ƙare, tare da niyyar saye in Allah ya hore. Amma ku lura da kyau, rangwamen an yi shi ne ga mai kwafa wa kansa. Mai toren kuwa, mun gani, yana kwafa wa kansa yana kuma raba wa duniya, mabuƙaci da mawadaci, har da wanda zai buga ya sayar. Lalura ana auna ta da gwargwadonta. Saboda haka wanda ya ɗauko fatawar amfanin kai ya shimfiɗa ta a kan toren, ya sa ta inda masu ita ba su sa ta ba. A wajen manhajoji ma lalurar takan yi rauni, tunda ga LibreOffice kyauta a madadin Office, ga GIMP ga mai gyaran hoto, masu su sun ce a ɗauka a raba.

Ɗaya fuskar kuma, wadda ba a cika faɗa ba. Kibiyar saman nan da take ɗora wa mutum zunubi yana barci, ita ce kuma za ta iya tara masa lada yana barci. Fayil a toren yana rayuwa ne muddin akwai mai iri. In na ƙarshe ya kashe kwamfutarsa, sai ka ga mutane sun maƙale a kashi 99 cikin ɗari, gutsure ɗaya ya gagara, shi kenan. Karatuttukan Shaikh Abubakar Gumi, wanda ya rasu a 1992, da na Shaikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a 2007, Allah ya jiƙansu, da na sauran malamanmu na kowane ɓangare, ta yaya suka iso kunnen yaron da aka haifa bayansu? Daga kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa memori, daga waya zuwa waya. Mutanen da ba a san sunansu ba ne suka riƙe irin. Wanda yake da intanet na wata-wata mara iyaka, ya bar Alƙur'ani da tafsiri da littattafan da aka yi waƙafinsu a buɗe ana ɗiba, ina fata ya shiga cikin masu ilimin da ake amfana da shi bayan mutuwa. Da sharaɗin ya tura karatu cikakke. Yanko minti biyu daga karatun awa biyu don a kunyata malami, wannan ha'inci ne ko da muryarsa ce.

Ina kuma roƙon 'yan'uwana malamai da marubuta, ku riƙa faɗa a fili. In waƙafi ne, a rubuta a bangon littafi ko a faɗa a farkon karatu cewa an yarda a yaɗa ba a yarda a sayar ba. In kuma ana son a saya, a faɗa, babu kunya a ciki. Shirun nan shi yake jefa ɗalibai cikin shubuha. Masu hali kuma, kamar yadda ake gina masallaci, ana iya biyan marubuci haƙƙinsa a saki littafin kyauta ga al'umma.

Masu toren a kwamfuta ko a waya, ku buɗe manhajar yau ku duba jerin da ke ciki. Manhajojin nan da yawa suna tashi da kansu duk lokacin da aka kunna kwamfuta, su ci gaba da rabon abin da aka sauke tun bara. Rufe tagar ba ya tsayar da su, suna nan a ɓoye a gefen agogo. Sai an shiga an danna tsayarwa, ko an cire toren ɗin daga jerin gaba ɗaya.

Wallahu a'alam.